Ba Kyari da Ƙafar Igwa

A zamanin da birnin Damagaram ke tashen igwa, ana narka tagulla ana zuba ta, ana ɗora ta bisa gadon katako mai ƙafafu biyu masu gangarawa, an yi wani mutum a cikin Birni ana ce masa Ba Kyari. Sana'arsa sayar da kanwa da barkono a bakin kasuwa, amma abin da aka fi saninsa da shi baki ne. Yana saurayi ya taɓa bin ayari zuwa arewa, zazzaɓi ya kayar da shi a Damargu, aka dawo da shi a bayan jaki. Kowa ya san wannan. Sai dai da shekaru suka ja, tafiyar ta riƙa ƙara tsawo a bakinsa. Ta kai Agadas, ta wuce Gat, har ta kai shi Tarabulus, inda ya ce ya wanke ƙafarsa a cikin teku.

Wata rana ana jan wata igwa a tsakanin duwatsun bayan gari, ƙafarta ɗaya ta faɗa rami ta karye. Balaraben da ya haɗa ƙafafun kuwa ya riga ya bi ayari ya koma ƙasarsu. Kacalla Bukar, wanda igwogin ke hannunsa, ya shiga uku, domin Sarki ya ce bayan kaka za a fita yaƙi, kuma yana son ya ga kowace igwa tsaye a kan ƙafarta. Ya tara masassaƙan gari. Suka dubi ƙafar, suka dubi bulalar da ke hannunsa, suka ce su turmi da akushi suka gada.

Ran nan Ba Kyari na zaune a kan tabarmarsa ta kanwa, maƙwabcinsa Nomau, mutumin Zermu mai tufka igiya, ya kawo masa labarin.

Ba Kyari ya yi tsaki. "Ƙafar igwa? A Tarabulus yara ke haɗa irinta suna wasa. Na ga karusar da ƙafarta ta fi raƙumi tsawo, kuma a gabana aka haɗa ta. Har mai haɗawar ya ce, Kyari, riƙe mini nan."

"Ka riƙe?"

"Na riƙe mana. Da ban riƙe ba da ba ta haɗu ba."

Nomau ya hango Kacalla yana ratsa kasuwa fuska a murtuke, sai ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe! Ga wanda kake nema nan yana auna barkono!"

Kacalla Bukar ba wawa ba ne. Kallo ɗaya ya yi wa Ba Kyari ya san mutumin nan ko ƙotar fartanya bai taɓa sassaƙawa ba. Amma abin da yake nema a ranar, in ba a sami mai gyara ba, a sami wanda za a nuna wa Sarki a ce shi ya ɓata. Saboda haka ya tsaya, ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji.

"Kai ne ka ce ka iya?"

Ba Kyari ya waiga, ya ga idanu sun yi masa caa. Da ya ce wasa yake yi, da maganar ta mutu a nan. Sai ya gyara hula.

"Allah ya ja zamaninka, iyawa kuma? Ai wannan aikin hantsi ne."

"Jama'a kun ji. In ta tashi, akwai riga da rawani. In ba ta tashi ba, ni da kai ne."

Kafin la'asar bayin Kacalla suka kawo gadon igwar ƙofar gidan Ba Kyari, da lafiyayyar ƙafa da karyayya. Ƙofar zaure ta yi masa kaɗan. Ba Kyari ya ce ba ya aikin sirri a bainar jama'a, a fasa bango. Aka fasa. Matarsa Kellu ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta tarar da rabin zaurenta a ƙasa.

"Maigida, yaƙi aka yi?"

"Girma ne ya shigo gidanki, ƙofa ta yi masa kaɗan."

"To, in ya tashi fita ya mayar mini da bangona."

Washegari ya zauna ya ƙare wa karyayyar ƙafar kallo. A tsakiya akwai wani dunƙulen itace mai huda, ya sa masa suna cibiya. Daga cibiyar sanduna sun fita ta ko'ina kamar yatsu, sun shiga wani kewayen katako, an ɗaure kewayen da zoben ƙarfe. Sanduna kaɗan ne suka karye. Wanda ya san aikin da su kaɗai zai cire. Ba Kyari ya ce shi ba ya gyaran rabi, ya ɗauko muciyar Kellu da dutse ya bubbuge komai ya zube. Da ya zo mayarwa sai ya ga sandunan sun yi kama da juna, ramukan ma haka, kuma babu wanda ke son shiga inda aka sa shi.

Nomau ya leƙo ta kan darni yana tufka. "Ba Kyari, ka manta inda ka riƙe a Tarabulus ne?"

"Mai ido ɗaya a kan igiya ba zai gane wannan ba. Nazari nake yi."

Nazarin ya kai shi ga wata dabara. Tunda ga lafiyayyar ƙafa nan, ai sai ya kwance ta ya ga yadda cikinta yake. Ya kwance ta. Ya leƙa ramukan, ya shinshina sandunan, ya gyaɗa kai. Yanzu tsibi biyu ne a tsakar gida, kuma cikinsu babu wanda ya yi kama da ƙafa.

Kellu ta zo hura wuta ta ce itacenta ya ƙare. Ba Kyari, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya nuna da haɓa. "Kwashi wancan tsibin, karyayyu ne."

Sai da tuwo ya nuna, ƙanshin miyar kuka ya tashi, sannan ya duba ya ga karyayyun na nan a gabansa lafiya lau. Ya yi tsalle ya nufi murhu.

"Kellu! Kin dafa ƙafar Sarki!"

"Inda haɓarka ta nuna na kwasa."

"Haɓata hagu ta nuna!"

"Haɓarka tun da na aure ka ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Zo ka ci, itacen ya yi wuta mai kyau."

Ya ci, domin yunwa ba ruwanta da Kacalla. Yana cikin ci ya ji ƙarar daka na tashi daga gidan Delu mai fura, dum, dum, sai ya tsaya da loma a hannu. Taɓarya! Itace ne busasshe, mai ƙarfi, kuma an riga an sassaƙe shi. Ya wanke hannu ya tafi.

"Delu, aron taɓarya na zo."

"Daka za ka yi, Ba Kyari?"

"Aikin Sarki ne. Duk macen da taɓaryarta ta shiga jikin igwa, sunanta zai kai fada."

Delu ta ba shi biyu. Kafin yamma maganar ta zaga unguwa, mata suka riƙa aiko da nasu, kowace tana son kada a bar ta a baya. Ba wadda ta tambaya ko a yaya za a dawo da ita. Sai da aka ji ƙarar gizago, aka leƙa, aka ga yana daddatsa su gunduwa-gunduwa, sannan salati ya tashi. A kwanakin nan ba a ji daka a unguwar ba. Maza suka koma cin dafaffen gero da wake, kuma duk wanda ya wuce ta fasasshen zauren sai ya bar wa Ba Kyari kalma ɗaya mai zafi.

Awon sandunan da kamu ya yi shi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ya gama na ƙafa ɗaya lafiya. Yana fara na biyu gizago ya goce ya sare masa ɗan ali. Ya yi ihu har kajin Nomau suka watse, Kellu ta ɗaure masa da tsumma, daga nan hannun ya ƙi buɗuwa. Ya ci gaba da awo da dunƙulallen hannu, bai kawo komai a ransa ba. Da sandunan suka gaza kaiwa ga kewayen, sai ya rage kewayen. Haka ƙafa ɗaya ta fito uwa, ɗaya ta fito ɗiya.

Nomau ya dube su a jingine da bango. "Wannan ƙaramar, shayar da ita za a yi ta girma?"

"Nisa ne ke ruɗin idonka."

"Ai a gefen juna suke."

"To, kusa ne ke ruɗinsa."

Saura zoben ƙarfe. Ba Kyari ya taɓa jin cewa sai an gasa shi yake shiga, don haka ya tara kara ya cinna wuta a gindin darnin da ya raba gidansa da na Nomau. Zobe ya yi ja. Ya ɗauko shi da sanduna ya kifa a kan ƙafar. Zoben bai shiga ba, amma katakon ya kama da wuta, darni ya kama, igiyoyin da Nomau ya shanya su ma suka kama. Mata suka fito da tuluna suna kururuwa. Ba Kyari ya rarumi abin da ke kusa ya watsa, ashe tukunyar kunun Kellu ce. Da hayaƙi ya lafa, sai ga Nomau tsaye a inda darni yake a da, yana riƙe da guntun igiya baƙi ƙirin.

"Yanzu kam ba sai na leƙo ba," in ji shi. "Gidan ya zama ɗaya."

Ba Kyari ya share kunu daga gemunsa ya ce ƙarfe tsohon yayi ne, manyan gwanaye da fata suke ɗauri. Ya je mahauta ya samo ɗanyen ƙirgin sa, ya yayyanka shi siri-siri, ya nannaɗe ƙafafun biyu tamau, ya shanya a rana. Ungulayen Damagaram kaf suka sauka a kan katangarsa. Karnuka suka yi layi a fasasshen zaure. Ya wuni da sanda a hannu, in ya kori na sama na ƙasa su shigo, in ya kori na ƙasa na sama su sauko. Kellu ta kwashi tabarmarta ta koma gidan Delu, ta ce in wari ya tafi a aiko mata.

Fatar ta bushe, ta ja katako yadda ta ga dama. Ba Kyari ya kafa turke ya zura babbar ƙafar ya juya ta don ya ga tafiyarta. Ta juya tana rangaji, gefe ɗaya ya zo ya gaishe shi, ya koma, ɗayan ya zo. Ya ɗauki dutse ya bugi inda ya kumburo, sai can ya kumburo. Ya bugi can, nan ya dawo. Ya cusa tsinke a wannan rami, sanda ta fita daga wancan. Ya hau kanta ya yi tsalle, ta wurgar da shi cikin toka. A ƙarshe ya tsaya ya dube ta, ga ta a lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ya ce ta yi.

A ranar Kacalla ya zo dubawa da mutanensa. Ba Kyari ya yi maza ya lulluɓe ƙafafun da tabarma.

"Allah ya ja zamaninka, a al'adar aikin nan mai igwa ba ya ganin ƙafa sai ranar gwaji. In ya gani, albarkar ta tafi."

Kacalla ya shaƙi warin, ya dubi ungulayen, ya dubi ƙonannen darni. Ya juya ga mutanensa. "Kun ji da kunnenku. Na zo in duba, ya hana ni." Ya tafi ransa fari, domin abin da ya zo nema ke nan.

Ranar gwaji gari ya fita filin bayan ganuwa. Ba Kyari ya sa a buga masa kalangu, ya ari babbar riga, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu mai tsumma. Aka zura ƙafafun, aka ɗora igwa, aka cusa mata albarushi da duwatsu. Can gaba akwai wani babban suri, shi za a harba. Kacalla ya zauna a inuwar wani gawo a gefe. Da aka yaye tabarma, sai Delu ta ce da ƙarfi, "Wayyo, ga taɓaryata can, na gane ta da tabon ƙuna!"

Kacalla ya ɗaga hannu, bayi suka tura. Igwar ta yi wata ƙara kamar an taka jaki, ta ɗingisa, ta miƙe kamar za ta nufi suri. Sai ƙaramar ƙafa ta ja ta hagu. Suka ƙara turawa, ta ƙara yin hagu. Kafin a ankara ta zagayo, bakinta na kallon jama'a, mai harbi na bin ta a guje da wuta a hannu.

Mutane suka zube ƙasa kamar an kaɗe gero. Masu kalangu suka yar da kalangu. Igwar ta wuce su, ta kalli ganuwa, ta kalli Kacalla, ta sake zagayowa. Duk inda bakinta ya nufa sai a ji salati ya tashi daga can, inda ya bari a ji zagi.

Ba Kyari na tsakiya yana juyawa tare da ita. "Kada ku ji tsoro! Haka na tsara ta! Abokin gaba ta ko'ina yake zuwa, ita kuma ta ko'ina take dubawa!"

"Uwarka take dubawa!" in ji wani daga cikin ƙura.

Da kyar aka tare ta, aka ɗaga gindinta aka saita ta da suri, aka dafe ƙafafun da duwatsu. Mai harbi ya miƙa wuta daga nesa ya ruga. Ƙasa ta girgiza. Ƙaramar ƙafa ta tarwatse nan take, guntayen taɓare suka tashi sama suka zubo kamar ƙanƙara. Igwar ta kife gefe, duwatsun cikinta suka bar suri lafiya suka tafi suka sare reshen gawon da Kacalla ke ƙarƙashinsa. Reshe ya sauko da ƙaya da sheƙar tsuntsaye, ya rufe shi, ƙafafunsa kawai ake gani suna harbin iska.

Babbar ƙafa kuwa ta zare ta kama gangara, kuma Ba Kyari ne a gabanta. Ya tattare aron riga ya zura da gudu. Ya yi dama, rangajinta ya kawo ta dama. Ya yi hagu, ta biyo shi hagu. Jama'a suka miƙe daga ƙasa suna ihu, kuma babu mai goyon bayansa, duk ƙafar suke zugawa. A bakin kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini ta cim masa, ta daki gindinsa, suka faɗa tare.

Aka tsamo su biyun. Aka kuma zaro Kacalla daga ƙaya, rawani a warware, kashin tsuntsu a gira. Ya daɗe yana kallon Ba Kyari, wanda ke tsaye laka na zuba daga rigar mutane.

"Allah ya ja zamaninka," in ji Ba Kyari, "albarushin ne ya yi yawa. A Tarabulus..."

"Ka sake faɗin sunan garin nan, in sa a cusa ka a bakinta." Kacalla ya juya ga bayinsa. "Ba za a bar kayan Sarki a daji ba. Ku mayar da wannan karkatacciyar a gefe ɗaya."

"Ɗaya gefen fa, ranka ya daɗe?"

Kacalla ya nuna da bulala. "Ga shi nan tsaye."

Aka ɗaga sandar da ƙafa ke shiga aka aza ta a kafaɗar Ba Kyari. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe har ya zo daidai da tsawon ɗaya ƙafar. Bayi suka tura ta baya, aka kama hanyar Birni. Mata suka tsinci guntayen taɓarensu suka biyo baya suna buga su da juna, Delu na ba da waƙa suna amsawa. Kellu na tsaye a bakin ƙofar gari. Wata ta ce mata, "Ya Kellu, ga mijinki can."

"Ina? Ni ƙafa biyu nake gani, ɗaya da gemu."

Nomau ya matso ya jera da shi, hannuwa a baya, kamar masu yawon shan iska. "Sannu da aiki, gwani. Nauyi?"

Ba Kyari na haki, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na wanke lakar fuskarsa. Ya yi ta taku kai a sunkuye, har Nomau ya fara tunanin ko yau an ga ƙarshen bakin nan. Sai ya karkato da kai.

"Kai dai ba ka da lura, Nomau. Duba hanya. Tun da na shiga ƙarƙashinta, ka ga ta karkace ko sau ɗaya?"

Kacalla, da ke tafe a bayansu yana cire ƙaya daga hannun riga, ya ji. Ya tsaya ya dubi sawun da suka bari a ƙasa, ga shi miƙe sambal tun daga fili.

"Wallahi gaskiyarsa," ya ce. "Tun da nake ban taɓa samun ƙafa mai tafiya daidai irin wannan ba. Ku ba shi ruwa, ku kula da shi. Bayan kaka da shi za a fita."

Ba Kyari ya buɗe baki. Jama'a suka yi shiru suna jira, har masu taɓare suka dakata. Ya rufe shi. Bayi suka tura, ya ci gaba da tafiya.